Ruwan da Bai Kai Ƙasa Ba

Ƙaninsa Auta ne ya laƙaba masa Mai Awo tun suna samari, sunan kuma ya bi shi har furfura ta fara keto masa a gemu. Auta yakan ce, "Yaya ko burodi zai yanka sai ya ciro tef. Ni har yau mamaki nake yadda aka yi ya auri Anti bai auna ta ba." Jama'a su kwashe da dariya, shi kuwa sai dai ya murmusa, don bai iya mayar da magana ba. Shekara goma sha ɗaya ya ba Auta, amma wajen baki Auta ne babba.

Sana'arsa haɗa bututun kashe gobara a manyan gine-gine. In ka shiga asibiti ko babban kanti ka ɗaga kai, ka ga wasu 'yan ƙarafa kamar furanni sun leƙo daga silin a jere, to irin aikinsa ke nan. Kowane ɗaya, wanda suke kira kai, yana da 'yar siririyar kwalba mai jan ruwa a ciki. Zafin wuta na isa gare ta sai ta fashe, ruwa ya ɓalle daga bututu, ya bugi ɗan faifan da ke ƙasa, ya bazu kamar an buɗe lema. Mai Awo yakan gaya wa masu gini cewa duk sirrin aikin a tazara yake. In kawunan suka yi nisa da juna, akwai wurin da ruwa ba zai taɓa ba, nan wuta za ta zauna ta yi ƙiba. In suka matsu da yawa, na farkon da ya buɗe zai jiƙa maƙwabcinsa ya sanyaya shi, shi kuma ya ƙi fashewa. Sannan dole a bar musu fili a ƙasa, don lema ba ta buɗuwa a cikin aljihu.

Shekara tara da suka wuce, shi ya yi aikin sito na huɗu na wani kamfanin ajiyar kaya da ke bayan tashar manyan motoci. Kawuna sittin da huɗu, layi takwas, mita huɗu tsakanin kai da kai, mita uku tsakanin layi da layi. A lokacin ƙarafa ake ajiyewa a ciki, ƙusoshi da sarƙoƙi da kayan gyaran inji, a kan kantocin da ba su fi tsayin mutum ya miƙa hannu ba. Da ya gama, ya sa aka kawo masa jan fenti, ya zagaye bangon da layi, ya rubuta a kai cewa kada kaya su wuce nan.

Shi ne kuma daga baya ya sama wa Auta aiki a wurin, wannan ma da labarinsa. Auta ya yi tuƙi ya bari, ya yi gyaran waya ya bari, ya buɗe shago ya rufe. Wata rana haƙurin Mai Awo ya ƙare, ya wanke Auta tas a gaban matar Autan, har ya ce masa mutumin da bai iya riƙe aiki wata uku ba bai kamata ya ajiye 'yar mutane ba. Daga ranar Auta ya yi shekara guda da watanni bai taka gidan yayansa ba. In sun haɗu a wurin mahaifiyarsu, ya gaishe shi kamar baƙo ya fice. Inna ce ta gaji, ta aika a kira mata babban.

Ta ce, "Kai ka haife shi? Ni da na haife shi ban taɓa tsiraita shi a gaban mace ba. Gaskiya ka faɗa, amma gaskiya ma ana sa mata riga. Ka nemi ɗan'uwanka, kuma ka rage masa faɗa."

Mai Awo bai iya ba da haƙuri da baki ba, sai ya bayar da aiki. Ya je ya ga manajan kamfanin, wanda suka saba tun lokacin haɗa bututu, aka ɗauki Auta. Abin mamaki, Auta ya zauna. Cikin shekara biyu ya zama shi ke riƙe da makullan sito na huɗu, da mutum goma sha ɗaya a ƙarƙashinsa. Ya dawo yana zuwa gidan yayansa ranar hutu, ya cinye naman miya, ya tsokani Anti, ya ce tsintsiyar gidan ma a jere take da awo. Mai Awo yakan zauna a gefe yana saurare, zuciyarsa wasai.

Wata Talata da hantsi ya biya ta kamfanin don ya ba Auta katin asibitin idon Inna, tunda shi zai kai ta. Tun da ya gama aikin nan bai ƙara leƙa cikin siton ba, ofishin manaja kawai ya sani. Yana shiga ya tsaya cak.

Ƙarafa babu su. Katifu ne, da soson kujeru, da kujerun roba a cikin leda, da kwalaye a tsakaninsu. An ƙara wa kantocin hawa biyu, kaya sun tashi har sun haɗe da silin, wurin ya yi duhu kamar rijiya. Jan layinsa ko alamarsa ba a gani. A layi na uku ya hango kai ɗaya ya nutse cikin ledar katifa, kamar an danna yatsa a kumatun yaro.

"Yaya! Yau ina aka fito? Ashe ka san hanya." Auta ne ya taho da shuɗiyar rigar aiki, biro a bayan kunne, makullai na ƙara a ƙugu.

"Auta, wa ya loda kayan nan haka?"

"Mu mana. Wa kake gani?"

"Tun yaushe?"

"Wata biyu ke nan. Sito na biyu ake sake wa rufi, shi ne aka kwaso nasa aka haɗa mana." Ya bi idon yayansa zuwa sama, ya yi dariya. "Kai Yaya, har ka fara? Ko gaisawa fa ba mu yi ba."

Suna cikin haka manaja ya shigo, wani gajere mai fara'a, da waya biyu a hannu. Tun can Injiniya yake ce wa Mai Awo, ko da yake ya san ba injiniya ba ne.

"A'a, Injiniya da kansa! Ka zo duba 'ya'yanka? Suna nan lafiya, ko ɗigo ba su taɓa yi ba."

Mai Awo ya ce, "Yallaɓai, aikin da na yi muku na ƙarfe ne. Ƙarfe ba ya cin wuta. Soso kuwa mai ne a daskare. Irin wannan kaya, da wannan tsayi, sai kawunan sun fi haka kusa da juna, bututun ya fi haka kauri, a sa wasu kuma a cikin kantocin kansu. In wannan ba zai yiwu yanzu ba, a sauke hawan sama yau. A bar mita guda tsakanin kaya da kawunan. Yadda ake ɗin nan, in wuta ta tashi daga ƙasa, ruwan a kan katifar sama zai tsaya. An yi wa wuta rumfa ke nan."

Manaja ya gyaɗa kai kamar mai sauraren karatu. "Maganarka dutse, Injiniya. Amma sati biyu kawai ya rage a gama rufin, a kwashe su. Shekara tara ko ashana ba ta taɓa kamawa a nan ba. Ka rubuto mana abin da ake buƙata, mu duba." Ya dafa kafaɗar Auta. "Ƙanin nan naka kuwa gwani ne. Ni na ce masa ya cika mini har sama, kada ya bar ko wurin allura, kuma ya cika."

Wayarsa ta yi ƙara, ya fita yana amsawa.

Auta ya raka yayansa har bakin babbar ƙofa. A hanya bai yi tsokana ko ɗaya ba. Sai da suka wuce mai gadi ya tsaya.

"Yaya, na san abin da ke ranka. Don Allah kada ka kira ofishin 'yan kwana-kwana. In suka zo suka rufe sito, wa za a ce ya jawo su? Yayan wa? Tunda nake, wannan ne karo na farko da na kama abu ya kamu. Yanzu in na shiga gida matata kallon mutum take yi mini." Ya sunkuyar da kai yana murza makullai. "Sati biyu. Ni da hannuna zan sauke su."

Magana ta taso wa Mai Awo har maƙogwaro. Ya so ya ce wuta ba ta san sati biyu ba. Ya so ya ɗaga murya yadda ya saba yi wa masu gini, har sai sun ji haushinsa sun yi abin da ya ce. Amma ya dubi fuskar ƙaninsa, ya tuna shekarar nan da ya yi yana samun gaisuwar baƙo, ya tuna Inna.

Ya ce, "To. Amma ku janye katifar nan daga kan na layi na uku."

"An gama, ranka ya daɗe!" Auta ya ƙame ya sara masa kamar soja, dariyarsa ta dawo.

A cikin motar haya Mai Awo ya ciro waya, ya lalubo lambar ofishin, ya yi ta kallonta har aka wuce tasha biyu, sannan ya mayar aljihu. Da yamma ya zauna ya rubuta wa manaja takarda shafi uku, har da zane. Ya sa ta a jakar kayan aiki. Kashegari aka tura shi wani sabon otal a ɗaya gefen gari, aiki ya sha masa kai. Ya ce Litinin zai kai. Litinin ta zo ta wuce, ya ce ai kwanakin ma sun kusa cika.

Kwana goma sha shida bayan zuwansa, ranar Alhamis, wajen sha ɗaya na safe, yana saman tsani yana ɗaure kai a silin ɗakin cin abincin otal ɗin, wayarsa ta yi ta ƙara. Matarsa ce.

"Kana ina? Ka sauko daga kan tsani tukuna."

"Mene ne?"

"Ka sauko na ce. Ka sauko?" Muryarta na rawa. "Wurin su Auta ne ya kama da wuta."

Tun daga kan gada ya hango hayaƙin, baƙi wuluk, mai kauri, irin wanda soso kaɗai ke yi. Motoci sun cushe, ya sauka ya ƙarasa da gudu, shi da rabonsa da gudu ya fi shekara ashirin. An killace titi. Motocin 'yan kwana-kwana huɗu suna ta aiki. Abin da ya fara gani da ya matso shi ne ruwa yana kwararowa ta ƙarƙashin ƙofar siton, ya bi kwata. Kawunansa sun buɗe. Sun buɗe, wutar kuma tana fita ta rufi kamar ba a taɓa haɗa bututu a ginin ba.

Ma'aikata na zaune a gindin katanga, wasu na tari, wasu na kuka. Ya bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. Direban motar ɗaga kaya, wani dogo da ya san shi a gidan Auta, ya taso ya kama hannunsa.

"Baba, daga wurin cajin batir ta tashi, can ƙasan layi na biyar. Kafin mu jawo abin kashewa ta bi leda ta hau. Oga Auta ya fitar da mu duka, ya tsaya nan ya ƙirga. Ya ga babu tsohuwa mai shara, ka san ba ta ji sosai. Muka riƙe shi, wallahi mun riƙe shi, ya fizge ya koma."

"Ita fa?"

Direban ya saki hannunsa, ya nuna da haɓa. Tsohuwar na zaune a can gefe, da bokiti a gabanta, ta ɗora hannu biyu a ka. Ba ta cikin siton tun farko. Ta zagaya famfon baya ɗibar ruwa.

Sai bayan la'asar aka fito da shi. Katifun sama sun sha ruwa sun yi nauyi, kanta ta rushe, suka toshe hanyar da ya bi. Wuta ba ta taɓa shi sosai ba, hayaƙi ne. Da aka buɗe wa Mai Awo fuskar don ya shaida, ya ga biron yana nan a bayan kunne.

Shi ya je ya gaya wa Inna. Ya tarar da ita a ƙofar ɗaki tana tsince shinkafa a faranti, ta kusanto da shi dab da fuskarta saboda idon. Ya durƙusa a gabanta. Ta ajiye farantin a hankali.

"Wanne ne?" ta ce. "Tunda ga ka, ai na san wanne ne."

Ba ta yi kururuwa ba. Ta ja shi jikinta, dattijo mai furfura, ta riƙa shafa kansa tana cewa, "Yi haƙuri. Kai ka rene shi, yi haƙuri." Ita ke ba shi haƙuri, shi kuma ya san abin da bai gaya mata ba. Wannan ya fi masa komai ciwo.

Kwana goma bayan binne Auta aka kira shi daga ofishin 'yan kwana-kwana. Mai binciken mace ce, mai matsakaicin shekaru, ba ta da yawan magana. Ta ce tana so wanda ya haɗa bututun ya zagaya wurin tare da ita. Aka ba shi hular kwano da takalmin roba.

Rabin rufin ya faɗo, rana na shigowa. Ƙasa duk baƙin taɓo, kantoci sun lanƙwashe kamar an murɗe su da hannu, wari na kama maƙogwaro. Inda bututun ya rage a sama, aka kafa tsani, ta kama bakin tef, ya ja. Mita huɗu. Suka matsa gaba. Mita huɗu, ko faɗin yatsa bai ƙaru ba. Tsakanin layi da layi mita uku. Ta ƙirga kawunan da suka fashe, arba'in da ɗaya.

Ta ce, "Sun buɗe da yawa a lokaci guda, ƙarfin ruwan ya rabu. Wanda ya fito kuma bai kai ƙasa ba." Ta rufe littafinta. "Malam, aikinka ba shi da aibu. Daidai yake da zanen da aka amince da shi a lokacin. Na ga ya kamata ka ji wannan daga bakina."

Shekara talatin yana son jin irin wannan magana daga bakin masu duba aiki. Yau ya ji ta, ya rasa inda zai sa ta.

Suka fito iska. Ta cire hular.

"Akwai wani abu. Manaja ya rubuta mana cewa mai kula da sito ne ya yi gaban kansa ya loda kaya har sama, shi bai sani ba, rabonsa da shiga ciki wata uku. Ma'aikatan kuma kowa ya yi gum, ka san tsoron rasa aiki. Na san ƙaninka ne. Ko ya taɓa gaya maka wani abu?"

Mai Awo ya dubi takalman robar da aka ara masa. Zai iya cewa bai san komai ba, ya koma gida a matsayin wanda aikinsa ba shi da aibu, a bar mamaci ya ɗauki kayan, tunda ba shi da bakin musu. Ya buɗe jakarsa, ya ciro takardar nan mai shafi uku, ta yi datti ta lanƙwashe a tsakanin kayan aiki.

"Na zo nan kwana goma sha shida kafin abin ya faru. Na gani da idona. Na gaya wa manaja a gaban ƙanina, a layi na uku muke tsaye. Ya ce shi ya ba da umarni a cika har sama. Mai gadi ya rubuta shigata a littafinsa, direban motar ɗaga kaya kuma yana kusa, ya ji. In kika ce masa na riga na faɗa, zai faɗa."

Ta karanta takardar har ƙarshe, ta duba kwanan watan da ke sama.

"Ka kai masa wannan?"

"A'a."

"Mu fa, ka sanar da mu?"

"Lambarku tana wayata. Ban kira ba."

"Me ya sa?"

"Ƙanina ne ya roƙe ni." Ya rufe jakarsa. "Ki rubuta cewa ni ne ban kira ba. Roƙon nasa ba sai kin sa ba."

Ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta rubuta. Bai ga abin da ta rubuta ba, bai kuma tambaya ba.

Daga nan gidan Inna ya wuce, don kada ta ji a bakin wani. Ya zauna a ƙasa ya faɗa mata duka, bai rage komai ba. Tana jinsa, idonta na kan bango.

Ta ce, "Ka gani."

"Na gani, Inna."

"Kai da ka san abin."

"Ni da na sani."

"Tashi ka tafi gida, matarka na jiranka."

Sati uku yana zuwa kullum da safe kafin ya tafi aiki. Ya gaishe ta, ta amsa da "lafiya", shi ke nan. In ya kawo mata magani ta ce ya ajiye a kan tebur. Ranar asibitin ido, maƙwabciya ta nema ta raka ta. Matarsa ta ce ya ba ta lokaci, zuciyar uwa ba ta daɗewa a rufe. Shi dai bai fasa zuwa ba, bai kuma roƙi gafara ba, don a ganinsa bai kai matsayin roƙo ba. A wurin aiki ya koma shiru. Sau biyu ya hau tsani ya kasa ci gaba da aikin, ya sauko ya zauna a kan bokitin fenti.

Wata safiya ya gaishe ta ya juya zai fita, ta ce, "Zauna."

Ya zauna.

"Na yi ta juya abin nan. Da a ranar ka zo ka ce mini, Inna, zan kai ƙarar wurin aikin Auta, ka san me zan ce maka? Cewa zan yi ka ƙyale mini yaro ya ci abincinsa." Ta share ido da bakin mayafi. "Ba ina wanke ka ba ne. Ban wanke ka ba, ban wanke kaina ba. Amma ɗa ɗaya ya rage mini, ba ni da ƙarfin yin gaba da shi."

Ranar ya makara a wurin aiki, ba wanda ya tambaye shi dalili.

Rahoton ya fito bayan wata biyu. Direban ya yi magana, wasu uku suka bi bayansa. Aka rufe sauran situnan kamfanin har sai an sake musu bututu, aka gurfanar da manaja. Sunan Auta ya fito sau biyu: wanda ya bi umarni ya loda kayan, da wanda ya fitar da mutum goma da ransu. Sunan Mai Awo ya fito a layi ɗaya, cewa ya ga haɗarin, ya yi gargaɗi da baki, bai kai rahoto ba. Ba a tuhume shi da komai ba. Wasu abokan sana'a suka ce ya cuci kansa da ya faɗa, wa ya aike shi.

Bayan ta fita takaba, matar Auta ta yanke shawarar komawa garin iyayenta da 'yarta mai shekara huɗu. Tun rasuwar ba su yi wata doguwar magana ba, ita da Mai Awo, gaisuwa ce kawai. Ya samo mota, ya zo da safe ya kwance gado, ya naɗe shimfiɗa, ya ɗaure kwanuka a cikin kwali. Ɗaki biyu ne a hawa na biyu, matakala ƙunci, sai da suka juya kabad sau uku kafin ya sauka. Tana tsaye a bakin taga tana ninke kayan yarinyar.

Ba ta juyo ba ta ce, "Yaya, na karanta rahoton."

"To."

"Ranar da ka je, ya dawo gida yana ta murna. Ya ce, yau Yaya ya kama ni da laifi dumu-dumu, kuma bai yi mini faɗa ba. Ya ce yanzu ya san ka ɗauke shi babban mutum." Ta danne wata 'yar riga da tafin hannu, ta sake dannewa. "Na rasa ko in gaya maka ko kada in gaya maka. Kwana nawa ina tunani. Ban sani ba ko zai yi maka daɗi ko zai ƙara maka."

Mai Awo na durƙushe da igiya a hannu. Ya ɗaure kwalin, ya ja ƙullin har igiyar ta shiga yatsunsa.

Ya ce, "Gara da kika faɗa."

"Da ka yi masa faɗan," ta ce, muryarta ta karye. "Da ka zage shi a gaban kowa. Da ya yi fushi da kai shekara goma."

"Haka ne."

Suka ci gaba da kwasar kaya. Da aka gama lodi ta ba shi shuɗiyar rigar aikin Auta ta biyu, wadda ke rataye a bayan ƙofa, ta ce ya kai wa Inna ko ya riƙe, duk wanda ya ga dama. Yarinyar ta leƙo ta tagar mota ta ce, "Baba babba, za ka zo gidanmu?" Ya ce zai zo ranar hutu, kuma ya kudurta a ransa zai je. Motar ta tashi, ta karya kwana wajen shagon mai walda.

Ya koma sama ya share ɗakunan, ya cire ƙusoshin da suka rage a bango, ya rufe tagogi. Mai gidan, wani tsoho mai sanda, yana jiransa a ƙasan matakala. Ya karɓi makulli, ya yi wa mamacin addu'a, ya ce yaron kirki ne, kullum sai ya ba shi dariya kafin ya fita. Sannan ya ɗan yi gyaran murya.

"In ka san mai neman ɗaki, mutumin kirki mai iyali, ka turo mini shi."

Mai Awo ya ce to. Ya saɓa rigar a kafaɗa, ya nufi bakin titi. Motar farko ta zo cike, ta biyu ma haka, sai ya kama tafiya a ƙasa.